Daga Gombe zuwa Gwanzo: duba awannin zaman jira kafin ka biya kuɗin tikiti

'Yan uwana 'yan kasuwa masu niyyar zuwa Chaina saro kaya, don Allah kafin ku tura wa ejan kuɗi ku tambaye shi awa nawa tafiyar za ta ci gaba ɗaya, domin yawancinmu farashi kawai muke dubawa.

Tsakanin Abuja da Gwanzo (birnin Guangzhou na Chaina) ya haura kilomita 11,000, kuma babu jirgin da zai ɗauke ka daga Kano ko Abuja ya dire ka can kai tsaye, dole sai ka ya da zango a wani gari. Tun daga nan gida ma lissafin ya fara, ko ka bi mota ta Dukku da Darazo zuwa Kano, ko ka hau jirgi a filin jirgin Gombe da ke Lawanti zuwa Abuja, wajen awa 1.

Jirgin Ethiopian shi mutanenmu suka fi bi. Zuwa Adis Ababa kusan awa 5, daga can zuwa Gwanzo awa 10 da wani abu, kuma a bisa al'ada ka tashi da rana ka sauka Adis da dare, jirgin Chaina ya ɗaga wajen tsakar dare, to ka ga zaman ba shi da yawa, ka yi sallarka ka ɗan ci wani abu sai a kira ku. Ni dai shi nake ba wa sabon matafiyi shawara, saboda da wuya ka rasa Bahaushe a layin da zai nuna maka ƙofa.

EgyptAir ta Alƙahira ake bi, daga Kano wajen awa 4, sannan wasu 10 zuwa 11. Wani lokaci yakan fi sauƙi, amma fa ba kullum jiragen biyu ke haɗuwa daidai ba, ka duba da kyau kada ka wuni a kan kujera kana gyangyaɗi da jaka a cinya saboda ragin da bai taka kara ya karya ba. Qatar kuwa ta Doha, kusan awa 7 sannan 8, akwai jin daɗi gaskiya, sai dai aljihu yakan ji a jikinsa.

Abin da ke rikita mutane shi ne agogo. Chaina tana gabanmu da awa 7, lokacin da ke kan tikiti kuma na garin da aka rubuta ne, shi ya sa tafiya sai ta yi kamar doguwa, dawowa kamar gajeriya, alhali a sama dawowar ce ma ta fi daɗewa saboda iska.

Ka tabbatar tikiti ɗaya ne tun daga Najeriya har Gwanzo, in jirgin farko ya makara kamfanin ne zai nema maka mafita. Ka tambayi kilo nawa aka ba ka, yawanci jaka 2 masu kilo 23, kada ka manta katin rigakafin shawara. In kuma a watan Afrilu ko Oktoba za ka je lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzo, yanki tikitinka da wuri, kujeru ƙarewa suke.