Solver na Excel a aikin ƙofofin ruwan Kadawa: ya biya, amma da sharaɗi

Ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan Tiga, ko a Kura ko Bunkure ko Garun Malam, ba ta da kuɗin gyara dukkan ƙofofin kanal. Tambayar ita ce: waɗanne ƙofofi za a gyara da mafi ƙarancin kuɗi, kuma kowane rukunin gonaki ya zama akwai ƙofar da ke iya tsare masa ruwa ko sake shi? Solver, wata manhajar lissafi mai nemo amsa mafi dacewa, wadda ke zuwa kyauta cikin Excel na kwamfuta, yana warware wannan da dabarar Simplex da George Dantzig ya ƙirƙiro a 1947.

Kowace ƙofa a ba ta gida ɗaya a teburin Excel: 1 in za a gyara, 0 in za a bari. A gefenta a rubuta kuɗin gyaranta, har da siminti da ladan mai walda. Kowane rukunin gonaki kuma a ba shi layi, da sharaɗin cewa jimillar lambobin ƙofofin da ruwa ke bi kafin ya iso masa kada ta gaza 1. Sai a ce wa Solver ya rage jimillar kuɗi.

Inda ake yawan faɗawa: Solver yana buɗewa ne a kan wata dabara daban mai suna GRG Nonlinear, sai an mayar da shi Simplex LP da hannu. In kanal yana rassa ne kawai, ruwa na gangarawa gaba ba ya komowa, amsa tana fitowa 0 da 1 da kanta. Da zarar wata gona tana sha ta hanya biyu, kamar an jawo mesa daga wani reshe, ana iya ganin 0.5, kuma babu mai gyara rabin ƙofa. Nan a ƙara sharaɗin bin (wato kowane gida ya zama 0 ko 1 kawai), sannan a mayar da Integer Optimality, wato tazarar da Solver zai yarda ya bari tsakanin amsarsa da mafi kyau, daga kashi 1 cikin 100 zuwa 0, in ba haka ba zai iya tsayawa kafin ya kai mafi araha.

Iyakar Solver gidaje 200 ne, ya ishi sashe ɗaya. Wanda ya wuce haka ya ɗora wa Excel OpenSolver, wata manhaja irin Solver, ita ma kyauta ce. Babban aibin Solver, duk abin da aka rubuta masa yarda yake yi: reshen da kachala ta toshe, in taswira ta ce a buɗe yake, haka zai lissafa. A fara zagaya kanal da ƙafa tukuna.