Shirin Koyar da Girki da Shirin Gasar Girki

Mata da dama a Katsina suna tambayata wane shirin girki ya cancanci lokacinsu da kuɗin datarsu, tunda tashoshi irin su Food Network, wadda aka buɗe a Amurka a 1993, sun karkata zuwa gasa.

Shirin koyarwa yana nuna awo da lokacin rage wuta, har mai kallo ta ga yadda ƙullu ke kumbura kafin a zuba shi a tanda, gobe kuma ta gwada da abin da ke madafinta. Gasa irin ta MasterChef tana da armashi, sai dai kyamara ta fi bin agogo da fuskokin alƙalai, kuma kayan haɗin suna da tsada, wasu ma ba sa samuwa a babbar kasuwarmu.

Amaryar da ke koyon girki, shirin koyarwa ya fi dacewa da ita. Mai sana'ar abincin biki da hannunta ya riga ya faɗa, za ta tsinci dabarun ƙawata faranti a gasa.