Abin da na gani a gwanjon tsofaffin tantan a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce in duba maka tantan ta hannu kafin damina. To ranar Asabar na je gwanjo a wani fili da ke gabashin Ingila, na kuma dawo hannu rabbana. Ashe kasuwar masu tara tsofaffin kaya na faɗa, ba ta manoma ba.

Abin da ya fara tarbata ƙaurin kwal ne. Wani dattijo, hannu duk baƙin mai, tun asuba yake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wani ƙaton injin tururi ƙirar Fowler na garin Leeds, don sai ya ɗauki awanni kafin ya motsa. Ya ce da can biyu ake ajiyewa, ɗaya a wannan bakin gona, ɗaya a wancan, suna jan garma da igiyar ƙarfe, su kansu ba sa taka gonar. Da ya ja usur sai na tuna labarin da Baba yake ba mu na jirgin ƙasa mai cin kwal ɗin Inugu. Irin wannan injin ba a sayensa sai an ga takardun tukunyar, domin duk shekara mai bincike yake duba ta saboda inshora. In takardar ba ta cika ba, komai ƙyallin fenti, kuɗinsa ya faɗi.

Cinikin ma daban yake. Babu "albarka", babu dillalin da zai ja ka gefe kamar a kasuwar shanu ta Wudil. Ka yi rajista, a ba ka lamba, ka ɗaga kati, guduma ta sauka, shi ke nan. Amma kada ka ce babu la'ada. Akwai kason masu gwanjo a kan farashin, a kan kason kuma harajin VAT na kashi 20 cikin 100. Kuma yadda ka ga kaya haka ka saye shi. In ya ƙi tashi washegari, kai ka jiyo.

Na sa ido a kan wata Massey Ferguson 135, irin wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda uku, wadda kowane bakanike a gida ya san cikinta. Na taya har fam 4,000 na tsaya, wasu tsofaffi biyu suka ci gaba kamar ba kuɗi suke kira ba. Wanda ya ci ya ce mini ba noma zai yi da ita ba, irinta mahaifinsa ya tuƙa, zai riƙa kai ta baje koli ne. Raina ya ɗan sosu, ganin abin da zai noma gonakin ƙauyenmu kaf za a lulluɓe shi da bargo a gareji. Wannan ma ƙarami ne: a 2019 kamfanin gwanjo na Cheffins ya sayar da wata tantan ƙirar Ivel ta 1903 a kan fam 328,600.

Inda suka fi mu, gaskiya, kayan gyara ne. 'Yar ƙaramar Ferguson TE20 mai ruwan toka, da aka daina ƙerawa a Coventry tun 1956, har yau sabbin kayanta ake yi. Ka faɗi lambar injin, kwana biyu an kawo maka har ƙofar gida. Mu kuwa tantan mai shekara goma sai ka ga kaji na ƙwai a ƙarƙashinta saboda famfon mai ɗaya. Inda muka fi su kuma hannu ne. Kuɗin bakanike na awa ɗaya a nan ya isa a sauke maka inji a mayar a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ya sa yawancinsu da kansu suke gyarawa.

Saboda haka shawarata, bar batun sayowa daga nan. Kuɗin jirgin ruwa da kwastan za su cinye ribar. Ka sa ƙaninmu ya goge dattin da ke kan lambar injin tsohuwar tantan ɗinmu, ya ɗauko hotonta da na famfon ya turo mini ta WhatsApp. Akwai mai zuwa Kano ƙarshen wata, zan ba shi ya taho da kayan.