Kamfanin "biya kaɗan-kaɗan ka shiga gidanka": tauraro biyu, shi ma don rasit

Tun 2021 nake zuba kuɗi a wani kamfanin gidaje a nan Ankara (Accra), babban birnin Ghana, ba zan kama suna ba don magana tana hannun lauya. Tsarinsu shi ne ka ajiye kashi 30 cikin ɗari, sauran ka dinga biya wata-wata, su kuma su gina maka ɗaki biyu da falo can bayan Oyibi. Ni da na gaji da mai gida a Nima da ke karɓar hayar shekara biyu a dunƙule, wallahi ban tsaya dogon tunani ba.

A faɗi alherinsu: ofis tsaf, ko ta momo (tura kuɗi ta waya) ka biya rasit ba ya kwana, yarinyar da ke karɓar baƙi kuwa Alhaji take ce min alhali ko Tamale ban taɓa wucewa ba. Akwai wani ɗan gidan kwali a cikin gilashi har da bishiyoyin roba da ƙaramar mota a ƙofa, shi ya cinye ni.

Farashin a dala suka rubuta shi, ban damu ba sai 2022 da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 kafin ƙarshen shekara, abin da nake biya duk wata ya ninka, wasu suka daina biya, siminti da rodi suka yi tsada, ruwan banki ya wuce kashi 30, aiki ya fara jan ƙafa ana ce mana damina ce. Damina har Janairu? Na hau trotro, ƙaramar motar haya, na je da kaina, na tarar gini ya tsaya iya kan taga, ciyawa ta kai gwiwa a falona, wata akuya kwance inda aka ce kicin ne.

Abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Sai da muka haɗa kuɗi lauya ya yi bincike a Lands Commission, wato hukumar filaye, muka gane ashe filin gaba ɗaya an jinginar da shi a banki tun kafin a sayar mana. Ya ce dokar karyewar kamfanoni ta 2020 ta ba da dama a fara gwada ceto kamfanin, amma in ta kai ga gwanjo, banki mai riƙe da jingina ne a gaba, mu masu rasit muna can ƙarshen layi, in an yi saura. Ba wanda ya faɗa mana haka ranar sa hannu, ni ma dai ban tambaya ba, binciken da bai kai kuɗin wata ɗaya ba na ƙi yi.

Kawuna da kuɗinsa suka maƙale a 2019, lokacin da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347, ya ja min kunne tun farko. Da na kai masa labari bai ce komai ba, sai can ya ce, "Ɗan nan, takardar filin da sunan wa take?" Na yi shiru.

Yanzu lambar ofis ba ta shiga. Mu da abin ya shafa muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a Madina, an ce kowa ya zo da rasit ɗinsa na asali da kwafi biyu.