Fall Out Boy, Paramore ko Blink-182: wane kundi ya cancanci kuɗinka?

A shekarar 2023 manyan ƙungiyoyin mawaƙa uku na Amurka, waɗanda suka yi tashe da salon pop-punk da emo (rassan kiɗan rock na jita da ganga) tun wajen 2000 zuwa 2008, kowacce ta fitar da sabon kundi. Paramore ce ta fara a watan Fabrairu, Fall Out Boy ta biyo baya a Maris, Blink-182 kuma ta rufe a Oktoba. Wanda kuɗinsa na kundi ɗaya ne kawai, wanne zai ɗauka? Masu sharhin waƙa sun riga sun yanke hukuncinsu, amma ni ina ganin kundin da suka fi yabo ba lallai shi ne wanda kunnenka yake nema ba.

Mu fara da wanda suka ɗora a gaba. This Is Why na Paramore ya fito ranar 10 ga Fabrairu, waƙoƙi 10 cikin kimanin minti 36. Ya hau mataki na 2 a jadawalin Billboard na Amurka, ya zama na 1 a Birtaniya, sannan a 2024 ya ci kyautar Grammy ta kundin rock mafi kyau. Wannan ne karo na farko da ƙungiyar da mace ke jagoranta ta ci wannan kyauta, kuma Hayley Williams, mawaƙiyar da ke jagorantar Paramore, ta cancanta. Abin da aka fi yabawa shi ne tsaftar aikin: jitar Taylor York mai kaifi, gangar Zac Farro mai tsalle, da kalamai na mutumin da ya girma ya gaji da labaran tashin hankali. Sai dai mai saye ya sani, wannan ba irin kiɗan kundinsu Riot! na 2007 ba ne. Ƙungiyar da kanta ta ce ta ɗebo daga salon ƙungiyar Bloc Party ta Ingila. Idan ihun ƙuruciya da amshin da ake rerawa tare kake nema, za ka ji kamar ka yi ɓatan kai. Ina son kundin ƙwarai, amma sai da na saurare shi sau da yawa kafin ya shige ni.

So Much (for) Stardust na Fall Out Boy shi ne wanda zan daɗe a kansa, domin shi ne na fi komawa gare shi. Ya fito ranar 24 ga Maris, waƙoƙi 13, ya shiga Billboard a mataki na 6. Ba a gane dalilin murnar da aka yi da shi sai an tuna kundinsu Mania na 2018, inda kiɗan kwamfuta ya danne jita har tsofaffin masoya da dama suka ja baya, masu sharhi kuma suka rabu biyu. A wannan karo ƙungiyar ta koma wurin Neal Avron, wanda ya tsara musu From Under the Cork Tree a 2005, Infinity on High a 2007, da Folie à Deux a 2008. Tsohuwar zuma ce, kuma da ita aka yi magani. Jitar Joe Trohman ta dawo gaba, gangar Andy Hurley ta sami sarari, aka kuma ƙara tawagar masu goge da ke ba wasu waƙoƙin girma kamar kiɗan fim. Muryar Patrick Stump kuwa ta nuna, ta fi ta da nauyi.

Yawancin sharhin da aka yi masa yabo ne, ana cewa ƙungiyar ta dawo hayyacinta. Masu suka ma suna da hujja. Akwai gaɓa biyu da magana kawai ake yi ba waƙa ba, ɗaya da muryar ɗan wasan fim Ethan Hawke, ɗaya da ta Pete Wentz, ɗan ƙungiyar, kuma suna katse wa mai sauraro hanzari. Wani lokaci ado yakan yi yawa har waƙa ta rasa wurin numfashi. Na yarda da sukar farko, ban yarda da ta biyu ba, domin wannan ƙungiya tun asali da yawan ado aka san ta.

One More Time... na Blink-182 ya fito ranar 20 ga Oktoba, shi ne kuma ya kai mataki na 1 a Billboard. Labarin da ke bayansa ya taimaka: Tom DeLonge, wanda ya bar ƙungiyar a baya, ya dawo bayan abokin waƙarsa Mark Hoppus ya yi jinyar ciwon daji a 2021, wannan ne kundinsu na farko su uku da mai ganga Travis Barker tun 2011. Waƙoƙin da ke magana kan zumunci da rashin tabbas na rayuwa suna taɓa zuciya. Amma a nan ne masu sharhi suka fi rabuwa, da yawa sun ce Travis Barker, wanda ya tsara kundin, ya goge sautin har ya wuce kima, muryoyin suka sha gyaran na'ura. Ga kuma abin da ya kamata mai iyali ya sani: akwai barkwancin batsa a cikinsa, ba kundin da za ka kunna a mota da yara ba ne.

Batun yadda za a saya kuwa, ka fara sauraro a Spotify ko Apple Music kafin ka kashe kuɗi. Faifan CD ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin aikowa. Faifan garmaho yana da nauyi, kuɗin dako daga waje kan iya kusan kamo kuɗin faifan, zafi kuma yana lanƙwasa shi, don haka sai wanda ke da na'urar da wurin ajiya mai sanyi. Mai son Blink-182 ya nemi bugun 2024 mai suna Part-2, wanda aka ƙara wa waƙoƙi.

Da ni ne mai kuɗin kundi ɗaya, na Fall Out Boy zan saya a faifan CD, in ci gaba da jin na Paramore a waya har kuɗi ya samu.