Man Mupirocin da ƙurajen bakin autana

Tsakiyar damina ƙuraje suka feso wa autana, ɗan shekara 4, a gefen baki da ƙasan hanci. Su ɗuri ruwa, su fashe, su yi ɓawo ruwan zuma. Kakarsa ta ce zafi ne, a bar shi ya fita. Ni kuma da azarɓaɓi na sayo man shafawar nan mai haɗin magunguna uku a wani kemis wajen Ƙofar Ƙaura. Jan ya kwanta, na fara murna, kwana uku sai ga su a hannun yayarsa, da yake tawul ɗaya suke gogewa.

Likita na gani ta ce imfetigo ne, ƙwayoyin bakteriya ke kawo shi, kuma yana yaɗuwa ta susa da kayan sawa. "Hajiya, man da kika shafa akwai sitiroyid a ciki, ɓoye ciwon yake yi." Ta rubuta man Mupirocin 2%, mai kashe bakteriya, a shafa sau 3 a rana, kwana 5. Ta duba tsakanin yatsunsu ko akwai ƙazuwa, don sau da yawa ita ke buɗe wa cutar ƙofa.

Man dai yana aiki, amma da sharaɗi. In kika laɓta shi a kan ɓawo, asarar kuɗi kika yi. Sai na jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da sabulu, na dafa a wurin har ɓawon ya yi laushi ya fita, yaro na zillewa ina lallashi, sannan na shafa ɗan kaɗan na wanke hannu. Na yanke musu farce, na raba soso da tawul, na hana su Islamiyya kwana biyu. Rana ta uku ruwan ya tsaya. Ban daina ba sai da kwanakin suka cika.

Abin da ban so ba: maiƙo gare shi, yaro na fita tsakar gida ƙasa ta manne, ga tsada, ga bututun ɗan mitsitsi, da ƙyar ya ishi yara biyu. Na duba lambar NAFDAC kafin in biya.

Likitar ta ce in ƙurajen sun bazu ko zazzaɓi ya shigo, shafawa ba ta isa, sai an haɗa da na sha. In kuma fuska ta kumbura ko fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ko bayan warkewa ne, a dawo da gaggawa saboda ƙoda. Sati uku ina leƙen fo ɗin auta kowace safiya, har babansu ya fara yi mini dariya.