Zaman tattaunawa da masaniyar halayyar ɗan Adam ta manhajar waya: abin da na gani

Ni dai ba da son raina na yi rajista a manhajar nan ba, likita ne ya tura ni. Cikin dare sai zuciyata ta kama bugu kamar za ta fito, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, in ce shi ke nan tawa ta ƙare. An yi ECG, wato gwajin bugun zuciya, an gwada jini duk lafiya lau, sai ya ce wannan fargaba ce mai zuwa farat ɗaya, je ka ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Raina ya sosu wallahi, ji na yi kamar cewa yake na fara taɓuwa.

Matar da aka haɗa ni da ita kam ta san aikinta, CBT take yi, wato magani ta hanyar gyara tunani da ɗabi'ar mutum. Na zata nasiha za ta yi ta yi min ta ce in yi haƙuri, ashe ba haka ba ne. Wata rana ce min ta yi in riƙa jan numfashi da sauri da gangan tana kallona ta bidiyo, na ce baiwar Allah kashe ni za ki yi?? Na dai yi, nan take jiri ya ɗebe ni, yatsuna suka fara tsitsitsi, daidai abin da nake ji cikin dare. Sai ta ce to ka gani, saurin numfashi ne yake rage iskar kabon dayokzayid a jini shi ya kawo jirin, ba zuciyarka ce za ta tsaya ba, kuma abin da kansa yake lafawa cikin mintuna. Tun daga nan in ya taso ba na rikicewa kamar da, barci ma ya fara dawowa.

Amma fa masu manhajar sun ɓata min rai. Muna tsaka da samun ci gaba kawai na buɗe waya na ga baƙuwar fuska, wai waccan ta bar aiki, ko saƙo ba su turo ba. Sabon da aka ba ni bai ma karanta bayanaina ba, sai da na sake zayyano masa komai daga farko har da rasuwar mahaifina da na sha wuya kafin bakina ya iya faɗa wa ta farkon. Ga shi minti 50 na cika yake katse mutum ko da yana tsakiyar magana.

Da tauraro biyar na yi niyyar ba su saboda matar nan, yanzu biyu ma alfarma ce. Na rubuta wa sashen ƙorafinsu su faɗa min inda ta koma, har yau shiru kake ji.